Dogara ga Allah Jari?

Shimfiɗa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban babbar mota ne a zamanin ƙuruciyata, irin mai bodin katakon nan da ke jigilar doya daga ƙasar Binuwai zuwa kasuwannin Arewa. A goshin motar akwai wani allo da aka rangaɗa wa rubutu da jan fenti: "Dogara ga Allah Jari." Tun kafin in iya haɗa baƙi sosai na haddace wannan rubutu, domin duk ranar da Kawu ya ya da zango a gidanmu, mu yara mukan yi wa motar zobe muna karanta shi da ƙarfi. Kawu dattijon ikilisiya ne. Ba ya ta da mota sai ya kifa kai a kan sitiyari ya yi addu'a, ba ya tuƙi ran Lahadi, ba ya shan abin da zai gusar da hankali, kuma kowa ya shaida ba ya wasa da zakka ko baiko.

Wata damina birki ya tsinke masa a kan gangare. Mota ta ƙwace ta faɗa kwazazzabo. Yaron motarsa, saurayi ɗan shekara 19, ko shurawa bai yi ba. Shi kuwa Kawu sai da aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Mota ta zama tarkace, doyar mutane ta zama bashi a wuyansa. Abu ɗaya ne ya fito daga kwazazzabon ko ƙwarzane babu, wato allon nan. Wani ya tsinto shi ya kawo gida, aka jingine shi a zaure.

Cikin masu zuwa jaje akwai wani ɗan ikilisiyarmu, mutumin kirki, wanda ya matso bakin gado ya ce, "Dattijo, ka binciki kanka da kyau. Allah ba ya barin nasa ya kunyata haka kawai. Ko akwai wani wa'adi da ka ɗauka ba ka cika ba?" Kawu ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sa'an nan ya ce, "Ɗan'uwa, na gode. In laifina ne, na ji. To yaron nan fa, me ya yi?" Ɗaki ya yi tsit.

Tun daga ranar tambayar Kawu take bina. Ba tasa ce shi kaɗai ba. Tambayar ɗalibin da mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi ana saura wata biyu jarrabawar ƙarshe ce, da ma'aikacin da aka miƙa wa takardar sallama ba zato ba tsammani, da matar da ta shiga ɗakin haihuwa da murna ta fito babu goyo. Abin da nake so mu duba tare, ya kai mai karatu, shi ne wannan: mece ce ma'anar dogara ga Allah a bakin Kirista a ranar da dogarar ba ta tare masa komai ba? Na san da dama daga masu karatu ba Kirista ba ne. Ina magana ne daga cikin ɗakin da na sani, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ruwan da ke zuba bai bar rufin kowa ba.

Ciniki da Ubangiji

Kalmar "jari" ta kasuwa ce. Jari shi ne uwar kuɗin da ɗan kasuwa ke zubawa yana sa ran riba. Idan aka ɗauki rubutun allon Kawu ta wannan fuska, ma'anarsa ke nan: zuba addu'a da azumi da baiko, ka kwashi lafiya da arziki da tsawon rai. Wannan fahimta daɗaɗɗiya ce, sai dai ta ƙara ƙarfi a majami'un ƙasar nan daga shekarun 1980, musamman bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata, jama'a suka shiga neman mafita ko ta halin ƙaƙa. A irin wannan yanayi, wa'azin da ya yi alkawarin buɗi nan take ba zai rasa masu sauraro ba.

Kada mu yi saurin yi wa masu wannan ra'ayi dariya, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Mai kamun kai da riƙon amana yakan tsira daga wahalhalu da yawa waɗanda mashayi da mazambaci ke jawo wa kansu, kuma Littafin Karin Magana cike yake da irin wannan gargaɗi. Bayan haka akwai wani dalili ɓoyayye, wato tsoro. Idan kowace masifa tana da tushe a halin wanda ta faɗa wa, to ni da ban yi abin da ya yi ba na tsira ke nan. Mutumin da ya tambayi Kawu ba mugu ba ne. Kansa yake lallashi, domin shi ma yana hawa mota, yana kuma bin wannan gangare.

Sai dai illar wannan lissafi biyu ce. Ta farko, yana ɗora wa mai shan wahala kaya biyu, ga ciwo ga zargi, alhali ɗayan ma ya ishe shi. Ta biyu ta fi muni: wanda ya shiga ibada da zuciyar ɗan kasuwa, ranar da ya faɗi rufe shago zai yi. Sau nawa muka ga wanda ya daina taka ƙofar majami'a daga ranar da ya dawo daga maƙabarta? Ba a yi adalci ba in aka ce bangaskiyarsa ce ƙarama. An sayar masa da alkawarin da Allah bai yi ba, da alkawarin ya karye sai ya ɗauka Allah ne ya yi masa ƙarya.

Ayuba da abokansa

Akwai littafi guda a cikin Tsohon Alkawari, mai sura 42, wanda za a iya cewa an rubuta shi musamman domin rushe wannan lissafi, wato Littafin Ayuba. Tun a farkonsa Shaiɗan ya kawo zargin cewa ibadar Ayuba ciniki ce: an kewaye shi da ni'ima shi ya sa yake sujada, a janye ni'imar a ga yadda zai juya baya. A yini guda dukiya ta tafi, 'ya'ya goma suka mutu, daga baya jiki ya cika da miyaku. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan shirun shi ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki, sai ga irin maganar da aka yi wa Kawu: binciki kanka, babu hayaƙi sai da wuta.

Ayuba bai yarda ba. Mu da muka saba yabon haƙurinsa mukan manta da cewa ya la'anci ranar da aka haife shi, ya yi gardama, ya nemi a ba shi dama ya tsaya a gaban Allah ya kare kansa. Abin mamaki kuwa, da Allah ya yi magana a ƙarshe, abokan nan masu kare sunansa ya tsawata wa, har ya umarce su su nemi Ayuba ya yi musu addu'a. Mai kuka da gardama ya fi masu tsararren lissafi kusa da gaskiya. Haka kuma har littafin ya ƙare ba a faɗa wa Ayuba dalilin abin da ya same shi ba. Mai karatu ya sani, shi bai sani ba. Abin da ya samu shi ne Allah ya zo masa da kansa, kuma wannan ya ishe shi.

Wani zai ce, ai a ƙarshe an ninka wa Ayuba dukiyarsa, ashe riba ta fito. Gaskiya ne tumaki 7,000 sun koma 14,000, raƙuma 3,000 sun koma 6,000, an kuma sake ba shi 'ya'ya goma. Amma kaburbura goma na farko suna nan inda suke. Duk uwar da ta binne ɗa ta sake haihuwa ta san ɗa ba ya maye gurbin ɗa. Yesu Almasihu ma ya ƙi wannan lissafi a fili. Da almajiransa suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, ya kore duka biyun. Da ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya nuna cewa ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba.

Tsamiyar Garkida

Domin kada magana ta tsaya a cikin littafi, bari mu ɗauki tarihin ikilisiya ɗaya ta ƙasar nan, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, mu ga yadda masifa ta ziyarce ta sau uku, kowane zuwa da irin darasinsa.

Ranar 17 ga Maris, 1923, waɗansu 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, ƙasar Bura, a bakin kogin Hawul, cikin jihar Adamawa ta yau. Daga nan ikilisiyar ta samo asali. Ba da daɗewa ba matansu suka iso. A shekarar 1924 Ruth, matar Kulp, ta rasu bayan haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. A lokacin ko mutum ɗaya ba a yi wa baftisma ba tukuna, sai a 1927 aka sami na farko. Da lissafin kasuwa ne, ga mutum ya bar ƙasarsa domin aikin Allah, ya zuba duk abin da ya mallaka, abin da ya fara girba kuwa kabari ne. Ɗan kasuwa mai hankali naɗe tabarmarsa zai yi.

Kulp bai naɗe ba. Ya ci gaba da aiki a wannan yanki kimanin shekara 40, sai a 1963 ya koma gida, ya rasu a 1964. Asibitin Garkida sunan Ruth aka sa masa, kuma a 1929 aka buɗe wurin jinyar kutare a garin, wanda ya karɓi marasa lafiya daga nesa da kusa. A nan sai mu yi hattara da wani tarko. Kada wani ya ce, "Ka gani, ashe domin a sami asibiti ne Ruth ta mutu." Wannan ma ciniki ne aka sake masa riga. Da Ruth ta rayu, babu abin da zai hana a gina asibiti. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, an sami mutumin da rashi bai raba shi da Ubangijinsa ba, bai kuma raba shi da mutanen da ya zo dominsu ba. Hausawa kan ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Alamar farko ta dogara ke nan: tana nan bayan miya ta ƙare.

Zazzaɓin Lassa

Zuwa na biyu cuta ce. A watan Janairu na 1969, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine, wadda ke aiki a asibitin mishan na wannan ikilisiya a garin Lassa, cikin jihar Barno ta yau, ta kamu da wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa asibitin mishan na SIM a Jos, a can ta cika. Charlotte Shaw, ɗaya daga waɗanda suka yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Niyok a Amurka, ta sha doguwar jinya ta tashi. Dukansu mata ne masu addu'a, suna cikin aikin jinƙai cutar ta same su. Biyu sun tafi, ɗaya ta rayu, kuma babu mai iya cewa ta ukun ta fi sauran bangaskiya.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Likitar asibitin Jos, Jeanette Troup, ba ta ce "nufin Allah ne" ta rufe fayil ba. An ɗebi jinin marasa lafiyar an aika Amurka, inda masu bincike a Jami'ar Yale suka gano wata ƙwayar cuta da ba a san ta ba, aka sa mata sunan garin Lassa. Ɗaya daga cikinsu, Jordi Casals, ya kamu da cutar a ɗakin gwaji, aka yi masa magani da ruwan jinin Lily Pinneo, ya warke. A farkon 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos. Likita Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa domin gano abin da ke kashe mutane, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu. Pinneo kuwa ta komo Nijeriya, wurin da ta kusa barin ranta. Binciken da aka yi a Saliyo bayan ɓarkewar 1972 ya nuna cewa wani irin ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar, yana gurɓata abinci da fitsarinsa da kashinsa. Duk uwargidan da ta rufe tukunya da rumbu domin gudun wannan zazzaɓi, duk ma'aikacin jinyar da ya sa safar hannu, yana cin gajiyar waɗancan mutane.

Alama ta biyu ke nan: dogara ba ta naɗe hannu. Wannan gargaɗi ne gare mu, domin mun iya fakewa da sunan Allah mu binne sakacin mutum. Bayan haɗarin Kawu, makanikin da ya duba tarkacen ya gano cewa kayan birkin da aka sayar masa na jabu ne. Ashe akwai hannun ɗan Adam a mutuwar yaron nan. Hanyar da aka ci kuɗin gyaranta, da maganin da aka cika da alli, da ginin da aka rage wa siminti, ba daga sama suka faɗo ba. Wanda ya ce a yi shiru a kan irin waɗannan da sunan dogara, ya mai da Allah bargon rufa wa ɓarawo asiri. Annabawa irin su Amos da Irmiya sun dogara ga Allah, kuma dogarar ce ta ba su bakin fuskantar masu danne talakawa.

Daren Chibok

Zuwa na uku shi ya fi ɗaci, domin mugunta ce da gangan. A daren 14 ga Afrilu, 2014, mayaƙan Boko Haram suka sace 'yanmata 276 daga makarantar sakandare a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan wannan ikilisiya. Ranar 29 ga Oktoba na wannan shekara suka mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi, shugabanni suka yi gudun hijira zuwa Jos. An ƙone majami'u masu yawa, jama'a suka watse cikin duwatsu da sansanonin gudun hijira har Kamaru. Maƙwabtansu Musulmi ma wutar ba ta ƙyale su ba, an kashe malamai, an tashi bama-bamai a masallatai da kasuwanni. A watan Fabrairu na 2020 Garkida kanta, garin tsamiya, ta sha hari aka ƙone majami'u.

Ga abin da ke hana mai tunani barci. Cikin 'yanmatan nan, 57 sun kuɓuta tun a farko. An sako 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017. Amma a 2024, shekara goma bayan sacewar, akwai gommai da ba su dawo ba, waɗansu iyayen kuma sun mutu suna jira. Uwar da ta rungumi 'yarta da uwar da ta ci gaba da kallon hanya, a benci ɗaya suke zama a taron Zumuntar Mata, addu'a ɗaya suka yi, azumi ɗaya suka ɗauka. Wane mai wa'azi ne zai dubi ta biyun ya ce jarinta ne bai kai ba? Muna murna da shaidar wanda aka amsa wa, kuma daidai ne, amma majami'ar da ba ta da wurin zama domin wanda ba a amsa wa ba, rabin bishara kawai take wa'azi.

A farkon Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, fasto na wannan ikilisiya kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci a Michika. A hoton bidiyon da masu tsare shi suka fitar, ya roƙi shugabanni su yi ƙoƙarin ganin an sake shi, ya kuma nuna cewa ko an sake shi ko ba a sake shi ba, al'amarinsa yana hannun Allah, bai karaya ba. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Mutumin nan yana son ransa, yana son komawa ga iyalinsa, bai ɓoye ba. Amma bai sa sakinsa ya zama sharaɗin amincewarsa da Allah ba.

Ikilisiyar nan tun asalinta tana koyar da ƙin ramuwa, kuma wannan koyarwa ta sha gwaji mai tsanani. Duk da haka, daga cikinta aka sami irin su Dokta Rebecca Dali, wadda ƙungiyarta ta tallafa wa gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba, da Markus Gamache, wanda ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda Kirista da Musulmi da rikicin ya kora suke zaune tare. Alama ta uku ke nan: wanda ya bar wa Allah hukunci ba ya barin ƙiyayya ta ci zuciyarsa, ko da yake bai daina neman a yi adalci ba.

To, ina amfaninta?

Ɗalibin falsafa zai iya tare ni a nan ya ce, "Malam, ka kashe maganarka da bakinka. Idan mai dogara yana mutuwa kamar yadda marar dogara ke mutuwa, idan an amsa ka ce Allah ne, in ba a amsa ba ka ce Allah ne, ashe dogara suna ne kawai da aka laƙaba wa rashin yadda za a yi." Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan ce ina da amsar da za ta rufe bakin kowa ba. Amma ga abin da Kirista zai iya faɗa.

Akwai bambanci tsakanin dogara ga sakamako da dogara ga wani. Dubi makaho da ɗan jagoransa. Makahon bai san inda hanya za ta karkata ba, ba a kuma yi masa alkawarin ba zai yi tuntuɓe ba. Abin da ya sani shi ne hannun da ke riƙe da ɗaya bakin sandar, ya san shi shekara da shekaru. In ya buge da dutse zai yi ƙara, har ya yi wa jagoran faɗa, amma ba zai saki sandar a tsakiyar titi ba. Faɗan ma shaida ce cewa ya san akwai mai jinsa. Shi ya sa Zabura ta cika da koke-koke, shi ya sa aka bar Littafin Makoki a cikin Littafi Mai Tsarki. Wanda ya hana mai makoki kuka da sunan bangaskiya ya fi Littafin tsanani.

Me ya sa Kirista ya amince da wannan hannu? Amsarsa tana kan gicciye. Bangaskiyar Kirista ita ce, Allah bai tsaya daga nesa yana aiko da bayani a kan wahala ba, ya shigo cikinta. Yesu ya yi hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru. A gonar Getsamani ya roƙa har sau uku a ɗauke masa abin da ke tafe, ba a ɗauke ba, ya miƙa kansa ga nufin Uban. A kan gicciye ya ɗaga murya da kukan wanda yake jin an yashe shi. Manzo Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa wata ƙaya da ke damunsa a jiki, aka bar masa ita, aka ba shi alherin ɗaukarta. Addinin da Ubangijinsa ya ɗanɗani addu'ar da ba a amsa yadda aka roƙa ba, ba shi da hurumin yi wa mabiyansa alkawarin hanya marar gangare. Abin da ya yi alkawari shi ne ba za a bar su su kaɗai ba, kuma tashin Almasihu daga matattu jingina ce cewa kabari ba shi ne ke da magana ta ƙarshe ba.

Wannan bai mai da mugunta lissafin da ya fita daidai ba, tambayar Kawu a kan yaron motarsa tana nan a buɗe. Amma cewa dogara suna ce kawai ta rashin yadda za a yi, tarihin da muka bi bai goyi bayan haka ba. Rashin yadda za a yi ba ya tsayar da mutum shekara 40 a inda ya binne matarsa, ba ya mai da mai jinya garin da ta kusa mutuwa, ba ya sa wanda aka ƙone wa gida ya gina wa maƙwabcinsa ɗaki. Itace da 'ya'yansa ake gane shi.

Naɗewa

Kawu bai sake tuƙi ba. Da ya warke ya sami ƙafar katako, ya kafa ɗan tebur a bakin tasha yana sayar da baƙin mai da ruwan birki da ƙananan kayan gyara, kuma direbobi sun san ba a samun jabu a teburinsa. Shekara tara ya yi yana biyan masu doya da kaɗan-kaɗan. Duk ƙarshen wata yakan aika wa mahaifiyar yaron motarsa da abin da ya sawwaƙa, ƙanen yaron kuma a gidansa ya gama sakandare. Akwai ranakun da na gan shi ya yi tagumi har magariba ba ya son magana da kowa, akwai Lahadin da ake waƙa shi bakinsa a rufe, hawaye na bin gemunsa. Amma bencinsa bai taɓa zama babu kowa ba.

Allon nan kuwa ya rataye shi a saman rumfarsa. Wata rana, bayan na shiga jami'a na fara jin kaina, na ce masa, "Kawu, ni dai da ni ne da tuni na yi makamashi da wannan allo. Ina jarin, ina ribar?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ashe boko bai koya muku kasuwa ba. Da ina tuƙi, na ɗauka ni ne na ba Allah ajiya ina jiran riba. Sai da na kwanta a asibiti na tuna abin da kowane ɗan kasuwa ya sani. In gobara ta cinye shago, ba a tambayar mutum ribarsa. Ana tambayarsa, akwai abin da ya rage maka da za ka sake farawa da shi? Abin da ya rage ɗin nan shi ake kira jari. Mota ta tafi, ƙafa ta tafi, wannan ne bai tafi ba." Ya nuna allon da sandarsa, sa'an nan ya juya ga wani direba da ke jiran a auna masa mai.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ka je gaishe da wanda masifa ta faɗa wa, ka yi koyi da abokan Ayuba a kwana bakwai na farko, ka bar musu sauran. Ka zauna, ka yi shiru, ka kawo abin da hannunka zai iya. Idan kuwa kai ne a kan gadon, kada kowa ya hana ka kuka, kada kuma ka saki sandar. Allah ya ba mu dogarar da za ta kwana tare da mu a ranar da miya ta ƙare. Amin.